Allurai a Gwangwanin Maɓallai

Jama'a, tun kafin in yi nisa bari in gaya muku, a makon nan na tafka abin da har yanzu ban san ko zai gyaru ba. Ranar Litinin da safe, lokacin da na'urar gwajin suga ta nuna ɗari uku da arba'in a yatsan 'yata, da na san abin da ke tafe, da na kulle wayata a durowar keken ɗinki na ba uwar yara mabuɗin. Ban yi ba. Kwana biyu bayan nan na danna wayar nan na yi magana ta minti ɗaya da rabi, kuma kun san magana zarar bunu ce.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ne. Shekara talatin da ɗaya ina kan keke, shagona manne da gidana, ƙofa ɗaya ce ta raba su. 'Yata ta fari tana da shekara ashirin da uku. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake kiran ta. Tana 'yar shekara goma sha huɗu aka gano tana da ciwon suga, irin wanda ba ya jin ƙwaya sai allurar insulin, sau huɗu a rana, kullum ta Allah. Tun ranar muka raba aiki. Uwarta ta riƙe girki, ita ta riƙe gwaji da rubutawa a ɗan littafinta, ni kuma na ce duk abin da ya shafi allura a gidan nan nawa ne. Wa zai yi mini gardama? Da sirinji muke yi a lokacin, allurarsa na da ɗan jiki. Ta yi biyu da ita, ta yi uku, in na duba na ga ta gaji in jefar.

Sai ga saurayi.

A kantin magani yake aiki, can ta haɗu da shi wajen sayen tsinken gwajin suga. Dogo ne, siriri, kullum riga a goge har da kari, biro biyu a aljihu. Ya san ciwonta tun ranar farko bai ja da baya ba, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma yaron nan bai iya ganin abu ya yi shiru ba. Ya ga kwalbar magani a kan tebur sai ya juya ta ya karanta ranar lalacewa. Ya ga firji sai ya tambaya ko wuta na zama. Ni a raina na raɗa masa suna Ƙaramin Likita, har ya bi bakin gidan.

Shi ne ya kawo maganar a bar sirinji a koma allurar biro. Wata aba ce kamar biron rubutu mai kauri, maganin na ciki, a murɗa gindinta a zaɓi adadi, a ɗaura 'yar allura a baki, a danna. Likita ya yarda, aka canza wata huɗu da suka wuce. Ranar da ya kawo kwalin alluran, ɗari cif, ya durƙusa a bakin shago ya miƙo mini da hannu biyu. Na ɓare ɗaya na ɗaga ta wajen haske. Wallahi gashin girata ya fi ta kauri.

"Wannan ce allurar?"

"Ita ce, Baba. Ba ta da zafi. Sai dai sau ɗaya ake yi da ita, a cire a jefar."

"Sau ɗaya?"

"Sau ɗaya, Baba."

"Kai, shekararka nawa?"

"Ashirin da takwas."

"To ina da allurar hannu a durowar nan da ta girme ka, kuma jiya ma na ɗinka maɓalli da ita."

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya, ya ce, "Haka ne, Baba, amma ita wannan..." Na tada keke. Ƙarar keke ta fi kowace amsa.

Ku fahimce ni. Ba rowa ba ce. Ni dai idona ba ya iya ganin allura mai sauran rai a kwandon shara. Matsalar ita ce waɗannan sun yi ƙanƙanta, ko da tabarau ba na gane wadda ta dakushe. To mu teloli muna da hanyarmu. In kana shakkar allura, sai ka samu ƙyallen siliki ka ja shi ya miƙe, ka soka. In ta wuce sumul, lafiyarta ƙalau. In ta ja zare, ta mutu. Ina da guntun siliki shuɗi da ya rage daga rigar wata amarya, sai na ware shi don wannan aikin. Na ce wa Uwata duk allurar da ta yi amfani da ita ta mayar mata da murfi ta saka a kofi. Kullum da yamma kafin in rufe shago sai in zauna, in soka kowacce a silikin sau biyu, wadda ta ci jarrabawa in goge ta tas da auduga da sifirit, in rufe, in jera a wani gwangwanin maɓallai da na wanke. Da safe in miƙa mata. Ita ba ta san da silikin ba, ta ɗauka dubawa kawai nake yi.

Sau ɗaya ta ce, "Baba, ya ce fa ba a maimaitawa."

Na ce, "Ya ce. To ni ma na ce. Da shi da ni wa ya haife ki?"

Ba ta sake tada maganar ba.

Wata biyu da fara biron nan suga ya fara hawa. Ɗari biyu, ɗari biyu da hamsin. Wata ran kuma ya faɗo ƙasa tim ba dalili, ta zauna a tabarma tana gumi hannu na rawa, uwarta na ɗura mata ruwan sukari. Washegari ya sake tashi sama. Butar ruwa ba ta rabuwa da hannunta, hanyar banɗaki ta zama hanyar kasuwa. Fuskar nan tata mai kumatu ta fara tsawo.

Ba wanda ban tuhuma ba. Na fara da firji. Na saka kofin ruwa a ciki na yini ina leƙawa, har uwar yara ta ce in zan tare a ciki in faɗa ta kawo mini filo. Na koma kan girki.

"Ke, shinkafar nan ba ta yi yawa ba?"

"Malam, da ludayin da nake auna mata shekara tara da shi na auna. Ko ludayin ne ya yi ƙiba?"

Na koma kan waya. Yarinya ta zauna tana murmushi da gilashi kamar an biya ta. Ƙit, saƙo. Ƙit, amsa. Na ce ko dai soyayyar ce ke mantar da ita lokacin allura? Ta kawo ɗan littafinta ta buɗe mini, ba rana ɗaya da ta tsallake. Ta ce abu biyu dai ta lura da su: gindin biron na yin tauri in ta danna, kuma in ta zare sai ta ga ɗigon magani a kan fata. Na ce ai ga shi nan! Kayan zamani, kyan ɗan maciji.

Ana cikin haka Yayata, wadda nake bi, ta turo mini saƙon murya. Ita ba ta rubutu, kuma ba ta gajartawa.

"Kai dai ka zauna kana taka keke. Tun da yaron nan ya fara zuwa gidanka yarinya ke zubewa, kowa ya gani sai kai. Ruwa ba ya tsami banza. Wa ya san inda yake samo alluran nan? Kayan da suka kwana a kanti aka ƙi saye ne yake kwasowa yana yi muku gwaninta, ku kuma kuna godiya. Tun ba a ɗaura ba ke nan, ina ga an kai ta?"

Na saurara sau uku. Kun san zuciya, in tana neman wanda za ta ɗora wa laifi, ko alama aka yi mata ta gode.

Ga shi kuma ranar Asabar ɗin nan iyayensa za su zo gaishe mu, zuwan farko, a san juna a tsayar da magana. Ni na ce ba telan da zai ɗinka wa 'yata rigar wannan ranar ina raye. Na zaɓo yadi ruwan zuma mai ƙananan furanni, na tanadi shafi mai laushi na ciki, na yi niyyar dogon hannu da tattara kaɗan a kafaɗa. Ranar Talata da hantsi na ce a zo a sake awo kafin in sa almakashi. Uwarta ce ke riƙe tef a ɗaki, ni ina bakin ƙofa da alli da takarda.

"Kafaɗa?"

"Sha huɗu da rabi."

"Ƙugu?"

"Ashirin da bakwai."

"Sake aunawa. Talatin ne a littafina."

"Malam, na iya karanta lamba. Ashirin da bakwai."

Inci uku. A wata huɗu yarinya ta zubar da inci uku a gabana. Ina cikin juya wannan sai na ji uwarta ta ce, "Ke, tsaya. Mene ne wannan?"

"Ba komai, Mama."

"Ba komai? Ɗaga rigar. Malam, zo ka gani."

A gefen cibiyarta ta dama akwai kullutu kamar rabin ƙwai a ƙarƙashin fata. Na sa yatsa na danna, tauri kamar roba, saman duk ɗigo-ɗigon baƙi. Na tambaye ta ko da zafi, ta ce babu. Na ce tun yaushe? Ta sunkuyar da kai ta ce ya kwana biyu.

Ranar ban yanka yadin ba. Tela mai fushi ba ya riƙe almakashi.

Laraba da safe Uwata na taya ni guga a shago, ta ajiye wayarta a kan teburin yanka. Sai ta yi haske. Ba ɗabi'ata ba ce leƙen wayar 'ya'ya, amma rubutun yaron nan ne ya zo har gaban idona:

"Barka da safiya. Nawa ya nuna yau? Kina dai canza allura kowane lokaci ko? Don Allah ki gaya mini gaskiya."

Ki gaya mini gaskiya! Wato 'yata ce maƙaryaciya. Ya kawo kayan banza sun kumbura mata ciki, yanzu kuma yana neman inda zai goge hannunsa. Na ajiye alli, na ɗauko tawa wayar, na nemo lambarsa, na danna wurin magana.

"Baba, don Allah..." in ji Uwata.

Na ɗaga mata hannu. Ga abin da na faɗa, ban rage ba, don ku ma ku yi mini hukunci:

"Kai, Ƙaramin Likita. Ni ne. Alluran da kake kwasowa daga kwandon kantinku sun illata mini 'ya. Shekara tara muna lafiya kafin ka zo da iyayinka. Daga yau kar in sake ganin ƙafarka a ƙofar gidana, kuma ka gaya wa mutanenku su huta, ba sai sun wahalar da kansu ranar Asabar ba. 'Yata ba abin gwaji ba ce."

Akwai sauran, amma maimaici ne. Na saki yatsa, saƙo ya tafi.

Uwata ba ta yi kuka ba. Ta kashe dutsen guga, ta naɗe wayar dutsen a hankali, ta shige gida. Da ma ta yi kukan. Uwarta ce ta fito, mayafi a kafaɗa, jaka a hannu.

"Ka gama?"

"Na gama."

"To sannu da aiki. Tashi mu je asibiti. Ka kori yaron kanti, ka tuhumi firji, ka tuhumi ludayina, suga dai yana nan inda yake. Mu je wurin wadda ba za ka iya kora ba."

Na ce a je. Har na ji daɗi, don ina so a rubuta mini a takarda cewa alluran yaron nan ne. Na ɗauki biron, na ɗauki ragowar kwalin da ya kawo, na ɗauki gwangwanina.

A ɗakin masu ciwon suga akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta san Uwata tun ranar farko, kowa Sista yake ce mata. Gajera ce, tabarau rataye da igiya a wuya, ba ta da lokacin wasa. Ta duba littafin, ta ɗora Uwata a sikeli, ta aika a gwada fitsari. Ta shiga da ita bayan labule, na ji tana cewa, "Nan kaɗai kike yi? Kullum? Cinya fa? Ɗaya gefen fa?" Da suka fito sai ta zauna ta ce in kawo kayan.

Na jera mata a tebur. Na ce, "Sista, ga masu laifin nan. Wani yaro ne mai aiki a kantin magani ke kawowa. Ki duba ki gaya mini gaskiya."

Ta juya kwalin, ta karanta gefensa. "Waɗannan ai irin su muke bayarwa a nan. Wannan gwangwanin fa?"

"Waɗanda na tantance ne."

"Ka me?"

"Na tantance. Masu sauran rai."

Ta sa tabarau. Ta ɗauki ɗaya daga gwangwanin ta ɗaura a bakin biron, ta murɗa zuwa biyu, ta ɗaga shi sama ta danna. Ba abin da ya fito. Ta sake. Shiru. Ta cire ta ɗaura wata, wannan karon wani ɗan ɗigo ya taru ya gangaro ta gefe kamar mai jin kunya. Sai ta ɓare sabuwa daga kwalin yaron nan, ta ɗaura, ta danna. Magani ya yi tsartuwa siriri har ya kusa taɓa fanka.

Uwar yara ta gyara zama.

Sista ta jawo durowa ta fito da gilashi mai ƙara girman abu, ta riƙe ɗaya daga cikin nawa a ƙarƙashin fitila. "Baba Tela, zo ka duba da idonka. Kai ne masanin allura."

Na duba. Jama'a, bakin allurar ya lanƙwashe kamar ƙugiyar kamun kifi. A cikin ramin kuma ga wani abu ya toshe shi.

"Wannan fari-farin maganin ne ya bushe a ciki," in ji ta. "Shuɗin nan ne ban gane ba. Kamar zare."

Na ce, "Silikin gwaji ne."

"Silikin me?"

Na yi mata bayani. Tun ina yi da ƙarfi har murya ta koma ciki. Yadda nake ja ya miƙe, yadda nake sokawa sau biyu, yadda nake gogewa da sifirit. Uwata ta ɗago kai ta dube ni, karon farko tun safe. Uwarta ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

"Inna lillahi. Malam, a yadi? Allurar da za ta shiga cikin 'yarka?"

Sista ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce shekara ashirin tana wannan ɗakin, ta ga mai dafa allura, ta ga mai wasa ta a dutse, amma yau ta fara ganin mai yi mata jarrabawa. Sannan ta yi mini dalla-dalla, kamar yadda nake yi wa mai koyon ɗinki. Allurar keke ƙarfe ce cikakkiya, wannan kuwa bututu ce, ramin cikinta bai kai gashi ba. Shiga ɗaya cikin fata ya isa ya fara lanƙwasa bakinta, balle yadi. Akwai wani santsi da ake shafa mata tun daga masana'anta don ta shige ba zafi, shi nake wankewa da sifirit kullum da yamma. In ramin ya toshe, yarinya za ta murɗa goma, ta danna, abin da zai shiga jikinta Allah kaɗai ya san ko nawa ne. Shi ya sa gindin biron ke tauri.

Ta juya ga Uwata. "Ke kuma me ya sa kika liƙe wa wuri ɗaya?"

"Ko'ina zafi yake, Sista. Kamar ana yaga ni. Nan ne kaɗai ba na ji."

"Ba kya ji don naman wurin ya taurare. Magani in ya shiga kullutun nan sai ya zauna, ya fita lokacin da ya ga dama. Yau ya ƙi fita suga ya hau, gobe ya fita gaba ɗaya ki faɗi. Ki gode wa Allah bai zama ƙurji ba."

Ta ce kada allura ta sake kusantar wurin sai bayan watanni, zai sauka da kansa. A riƙa zagayawa, ciki hagu da dama, cinyoyi, kowane huji da tazarar yatsa daga na baya. Kafin kowace allura a fitar da biyu a iska, sai an ga ɗigo. In an danna a ƙirga goma kafin a zare. Ta kira likita ya rage mata adadin, don a sabuwar fata maganin zai kama sosai, in aka bar shi yadda yake zai iya kayar da ita. Ta ce a yawaita gwaji a kwanakin nan, a dawo bayan mako ɗaya. Fitsarin, Alhamdulillahi, bai kai a kwantar da ita ba.

"Allura kuma sabuwa kowane lokaci. A cire a jefa a jarka mai murfi. Baba Tela, ka ji?"

"Na ji."

"Gwangwanin nan kuma ya kwana a nan."

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Don in rage wa kaina nauyi na ce, "To ke Uwata, tun da zafi kike ji, me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa, Baba. Ka ce wa ya haife ni."

Uwarta ta yi wani ɗan tari wanda na san ma'anarsa.

Sista ta ce yanzu sai a nemi alluran da za su isa, don huɗu a rana kwali ba ya wata. Uwata ta ce akwai. Akwai kwali uku a gida, a ƙasan akwatinta, ba a ko ɓare ba.

Na ce, "Kwali uku daga ina?"

"Duk wata yana kawowa. Yana lissafin ranar da ya kamata su ƙare. Sai in karɓa in ce sun ƙare."

"Don me za ki yi masa ƙarya?"

Ta dubi yatsunta. "In na ce ba su ƙare ba zai tambayi dalili. Ban so ya ce mahaifina bai san abin da yake yi ba."

Wannan maganar ita ta bi ni har gida. Yarinya ta yi wata huɗu tana soka wa kanta ƙugiya don ta rufa mini asiri a wurin saurayinta, ni kuma na saka mata da korar shi.

Tun a bakin asibiti na ciro waya in goge saƙon. Layi biyu shuɗaye. Ya riga ya ji, tun ƙarfe tara da minti goma. Na kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake bayan la'asar, haka. Uwar yara na wanke-wanke tana magana da tukunya: "Wasu dai in za su yi faɗa minti ɗaya ya ishe su, in za su ba da haƙuri sai waya ta ƙi shiga."

Alhamis na sa riga mai kyau na tafi kantin da ƙafata. Abokin aikinsa na tarar a bayan kanta, ya gaishe ni da ladabin da ya nuna mini ya san komai. Ya ce ya ɗauki hutun kwana biyu. Ina ya tafi? Bai sani ba. Na tsaya a gefen titi, motoci na wucewa, na yi masa saƙon murya na minti uku. Ban ce Ƙaramin Likita ba. Na ce ɗana. Na faɗi maganar siliki da bakina, na ce alluransa ba su da laifi, nawa ne, na ce ƙofar gidana a buɗe take ranar Asabar da kowace rana. Shi ma ya nuna an saurara. Amsa dai babu.

Yaya ta turo nata: "Na ji ka sallami yaron, ka yi daidai." Ta sake turo wani, ban buɗe ba.

Jiya da yamma na yanka yadin. Na ɗinka a kan ashirin da bakwai, amma na bar inci uku a cikin kalmasa ta gefe, don ranar da za ta ciko in buɗe mata. Rigar na rataye a shago yanzu, na lulluɓe ta da leda. Guntun silikin nan kuwa uwar yara ta ɗauke, ta ce za ta ajiye don jikoki su ga abin da kakansu ya yi.

Yau Juma'a da safe na'ura ta nuna ɗari da sittin. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo ta ɓare sabuwar allura, ta fitar da ɗigo a iska, ta yi a cinya, bakinta na ƙirga goma. Ko gira ba ta ɗaga ba. Tana cirewa wayarta ta yi ƙit. Ta duba, ta yi ɗan rubutu, ta kife ta a kan gado. Na yi ta kai da kawo a tsakar gida kamar mai neman abin da ya ɓata, har ta gaji ta ce, "Shi ne, Baba."

"Me ya ce?"

"Ya ce nawa ya nuna."

"Sai kika ce?"

"Na gaya masa."

"Sai ya ce?"

"Ya ce Alhamdulillahi."

"Shi ke nan? Maganar gobe fa?"

"Bai ce komai ba."

"Ke ba ki tambaya ba?"

Ta dube ni da idon mahaifiyata sak. "Ba ni na ce kar su zo ba, Baba."

Yanzu la'asar ta wuce. Uwar yara ta leƙo shago sau biyu tana tambaya ko ta aro kujeru daga maƙwabta, ko ta yi cefanen baƙi. Na ce ta aro, ta yi. Ta ce in ba su zo ba ni zan zauna a kujerun ɗaya bayan ɗaya. Na share ƙofar gida da kaina, wayata na aljihun gaba inda zan ji motsinta.

Sugan Uwata yana sauka, wannan na gani da idona. Ko ya isar wa iyayensa saƙona na farko, ko ya riƙe shi a cikinsa, ban sani ba. Gobe Asabar, kuma ban san ko za su zo ba.